Jawabi Kan Karnukan Da Ke Yawo Cikin Sabo

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa, shugabannin kasuwa da 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan.

Maganar da ta tara mu yau wani zai ga kamar ƙarama ce, amma ta shafi ran 'ya'yanmu da mutuncin unguwarmu, wadda kakanninmu suka zauna tun shekarar 1916. Ita ce maganar karnukan nan marasa ubangida da ke kwana a bakin bola, da bayan rumfunan mahauta da masu tsire.

Kowa ya san yadda muke yi da su: yara su bi su da jifa, in abin ya ishe mu wani ya zuba guba a nama. To, jama'a, shekara nawa muna haka, sun ƙare? Ai muddin akwai ƙashi da sauran tuwo a juji, ka kashe goma yau, wasu goma za su zo daga wata unguwa. Gubar kuwa ba ta tantance kare da kaza, balle yaron da ke wasa a ƙasa.

Ta fuskar addini, mun karanta a Islamiyya yadda Allah ya gafarta wa mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, da kuma matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Haka nan shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai bukata. Ba mu ce kowa ya kai kare ɗakinsa ba. Cewa muka yi, rashin ajiye shi daban, azabtar da shi daban.

Ta fuskar lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, to sai addu'a. Amma masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Riga-kafi dai ya fi magani.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, mahauta da masu abinci su riƙa rufe shararsu. Na biyu, a keɓe wani kango a tsare karnukan, a ba su ruwa da sauran abinci, kuma ma'aikatan dabbobi ne za su kama su, ba yara ba. Asibitin dabbobi na Mokola ga shi nan kusa da mu: a yi musu allura, a kashe musu kaska, a dandaƙe mazan. Wanda ya haukace, likita ya san abin yi. Na uku, waɗanda suka murmure a ba masu gadi da manoma da makiyaya masu bukata, bisa alkawarin ba za a sayar wa masu yankawa ba.

Iyaye mata, a kula: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya shafe-shafe a gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace rumfa ta ba da abin da ya sawwaƙa, a damƙa wa ma'ajin ƙungiya. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ladan tausaya wa bayinSa marasa baki.