Naman da Ke Kewaye da Sankarar Fankiriyas



Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, kuma sankarar da ta fi kama ta tana tasowa ne daga bututun da wannan ruwa ke bi. Cuta ce mai wuyar sha'ani. Kusan rabin masu ita ba a gano ta sai ta riga ta bazu, galibi zuwa hanta. Ko a Amurka, cikin mutum 100 kimanin 13 ne ke kai shekara 5 bayan an gano ta.

Idan aka duba ƙullutun sankarar a madubin likita, za a ga ƙwayoyin sankarar su ne 'yan tsiraru. Mafi yawansa, wani lokaci har kashi 80 cikin 100, nama ne mai tauri irin na tabo, wanda jikin marar lafiyar ne da kansa ya saƙa. A 1998 masu bincike a Sidni ta Ostireliya da Ulm ta Jamus suka ware ƙwayoyin da ke wannan saƙa, masu siffar tauraro. Sankarar ce ke ta da su daga barci, su yi ta zuba kolajin da wani sinadari mai shan ruwa da ake kira hayaluronan. Wurin ya kumbura, jijiyoyin jini su matse, magani ya kasa shiga. Su ma ƙwayoyin garkuwar jiki da ya kamata su kai ɗauki sukan tsaya a gefe.

Da jin haka kowa zai ce a rushe naman. Haka masana suka yi zato. A 2009 ɗakin binciken David Tuveson a Kambirij ya nuna cewa maganin da ke rage wannan nama a jikin ɓeraye yana buɗe wa maganin sankara jemsitabin hanya. Aka kai shi ga mutane. A 2012 aka dakatar da gwajin, domin waɗanda suka sha shi sun fi waɗanda ba su sha ba tagayyara. A 2014 bincike biyu, ɗaya daga ɗakin Raghu Kalluri a Houston, suka nuna dalili: da aka kawar da ƙwayoyin saƙar, sankarar ta ƙara zafi, ɓerayen suka mutu da wuri. Maganin narkar da hayaluronan ma ya faɗi a babban gwajinsa a 2019. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan tarihi da kyau, domin mutane ne masu iyali suka miƙa jikinsu kafin mu san shi.

Ashe naman ba iri ɗaya ba ne. A 2017 Tuveson da abokan aikinsa suka bambanta ƙwayoyin saƙar gida biyu: na kusa da sankarar, masu ɗaure wuri, da na ɗan nesa, masu fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6.

Sai batun hanta. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta bazuwar sankara da iri da ƙasa, kuma duk manomi ya san iri ba ya tsirowa sai inda ya sami ƙasar da ta karɓe shi. A 2015 ɗakin David Lyden a New York ya gano cewa sankarar fankiriyas tana sakin wasu ƙananan ƙunshi cikin jini. Ƙwayoyin tsaron hanta su haɗiye su, hanta ta fara shimfiɗa nata naman tabon tun ƙwayar sankara ko ɗaya ba ta iso ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa IL-6 daga kewayen ƙullutun na sa ƙwayoyin hanta su yi irin wannan sharar fage.

A ganina hanyar da ta fi ma'ana ita ce a sauya wa naman hali maimakon a kawar da shi. A 2014 Cibiyar Salk ta Kalifoniya ta mayar da ƙwayoyin masu siffar tauraro barci da wani magani ɗan uwan bitamin D, jemsitabin ya fi aiki. A ɓeraye ne aka ga hakan, don haka kada wani ya je ya saya wa majinyacinsa bitamin da sunan maganin sankara.