Ba Kowace Ofa Ce Aiki Ba: Jawabina Ga Matasanmu A Kunci

Iyayenmu shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa daga Shuwaki, Gwarmai, 'Yandadi da sauran mazaɓunmu, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya tare ni a hanya tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe za a ba mu ofa?" Kun yi wa tafiyar nan wahala, kuna da haƙƙin tambaya. Amma ofa iri-iri ce.

Akwai muƙamin siyasa, irin na masu taimaka wa gwamna ko ciyaman. Wannan ranar da mai gidanka ya sauka, kai ma ka sauka. Akwai aikin wucin gadi, wanda alawus ake biya ba albashi ba. Ku tuna N-Power da aka fara a 2016, Naira 30,000 a wata. Da aka sallami rukunin farko a 2020, wasu sun riga sun yi aure a kan kuɗin, suka dawo gida ba fansho ba giratuti.

Aiki na dindindin shi ne wanda ya fito ta hukumar da doka ta ba ikon ɗauka, kamar SUBEB ga malaman firamare, aka buɗe maka fayil, sunanka ya shiga jerin masu albashi, bayan shekara biyu a tabbatar da kai. Ko shi ma sai an bi ƙa'ida. A 2023 an dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da aka ɗauka a ƙarshen gwamnatin Ganduje, sai da aka tantance sannan aka mayar da sama da 9,000. Ingancin takarda aka duba a lokacin.

Masu tafiya kamfanonin Sharaɗa da Bompai kuma, dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce. Ka tambaya: kamfanin ne ya ɗauke ni ko ɗan kwangila? Don ranar sallama, kamfani zai ce bai san ka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen ofa. Don Allah kada wanda ya jinginar da gonar gado ko ya sayar da shanun huɗa saboda wani ya ce yana da hanya a Sakatariyar Audu Baƙo. Wanda aka nuna wa irin wannan takarda ya kawo wa shugaban mazaɓarsa, mu je hukumar da sunanta ke jiki mu bincika kafin a biya ko sisi.