Ma'auni Ɗaya Ne Ko Biyu? Darasi Daga Zaɓuɓɓukan Amurka

 

Ya ku 'yan'uwa, maudu'in laccarmu ta yau shi ne halin da masu riƙo da addini ke shiga a ranar zaɓe, yayin da ɗan takarar da ya yi musu alkawarin kare aƙidarsu ya zamo ana tuhumarsa da keta mutuncin mata. Za mu ɗauki misalinmu daga Amurka, domin a can ne wannan al'amari ya fito fili, har aka ƙididdige shi da alƙaluma.

A ƙasar akwai wani babban rukuni na Kiristoci 'yan bishara da ake kira Ibanjelika, waɗanda ƙarfinsu ya fi yawa a jihohin Kudu. Fararen fata daga cikinsu sun kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka jefa ƙuri'a a 2016. Tun zaɓen Ronald Reagan a 1980 suka jingina da jam'iyyar Rifablikan, saboda adawarsu da zubar da ciki da kuma kishinsu ga tsarin iyali.

A 1998 asirin Shugaba Bil Kilinton, ɗan jam'iyyar Dimokurat, ya tonu game da wata budurwa mai koyon aiki a fadarsa. Da fari ya musanta, sa'annan a watan Agusta ya amsa. Majalisar Wakilai ta tuhume shi a Disamba, Majalisar Dattawa kuma ta sallame shi a Fabrairun 1999. A watan Yunin 1998 babban taron Baptis na Kudu, watau ɗarikar Furotestan mafi girma a ƙasar, ya zartar da ƙuduri a birnin Salt Lake, yana mai jaddada cewa halin shugaba abin lura ne, yana kuma kiran jama'a su zaɓi masu gaskiya da kamun kai. Magana ce mai kyau, ba mai jayayya da ita.

To, shekara 18 bayan haka sai jarrabawa ta zo musu gida. Ranar 7 ga Oktoban 2016 aka saki wani faifai na 2005, inda aka ji Donald Trump, ɗan takarar Rifablikan, yana alfahari da taɓa mata ba da yardarsu ba. Ya nemi afuwa, ya ce hirar maza ce kawai, ya kuma musanta zargin matan da suka fito daga baya. Bayan wata guda, kimanin kashi 80 cikin 100 na fararen Ibanjelika suka ba shi ƙuri'unsu. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta PRRI ta taɓa tambayarsu, shin wanda ya aikata alfasha a keɓe zai iya riƙe muƙami da gaskiya? A 2011 kashi 30 ne suka ce zai iya. A 2016 sun zama kashi 72. Ku duba, jama'a! Littafinsu bai sauya ba cikin shekara biyar ɗin nan. Wanda ake tuhuma ne ya sauya. A watan Mayun 2023 masu taya alƙali shari'a a Niyok suka same shi da alhakin cin zarafin wata marubuciya a ƙarar neman diyya, aka yanke masa dala miliyan 5, amma a zaɓen 2024 suka sake mara masa baya da kusan wannan adadi.

Misali na biyu ya fi wannan bayyana. Roy Moore babban alƙalin jihar Alabama ne wanda a 2001 ya kafa wani dutse mai nauyin fiye da tan biyu, ɗauke da Dokoki Goma na Attaura, a harabar kotu. Da ya ƙi bin umarnin kotun tarayya na kawar da shi, aka tuɓe shi a 2003, ya zama gwarzo a idon masu zuwa coci. A 2017 ya tsaya takarar Majalisar Dattawa. Ranar 9 ga Nuwamba jaridar Washington Post ta buga labarin wata mata da ta ce ya neme ta da lalata a 1979, tana da shekara 14 shi kuma yana da 32. Wasu matan suka biyo baya. Ya musanta duka, kuma ba a gurfanar da shi a kotun laifi ba. Abin lura shi ne amsar magoya bayansa. Gwamnar jihar, Kay Ivey, ta ce ba ta da dalilin ƙaryata matan, amma duk da haka shi za ta zaɓa, domin ana bukatar ɗan Rifablikan a majalisa saboda naɗin alƙalan Kotun Ƙoli. Wani babban jami'in jihar ma har ya kawo misali da Nana Maryamu don ya kare shi. Subhanallahi!

Ta yaya ɗan siyasa ke kai masu ibada ga irin wannan matsayi? Hanyoyi uku ne. Ta farko alama: ya riƙe littafi, ya kafa dutse, ya zauna sahun gaba, har jama'a su ɗauka sukarsa sukar addini ce. Ta biyu tsoro: ya nuna musu cewa in abokin hamayya ya ci, addininsu ya shiga uku. Ta uku ciniki: ku ba ni ƙuri'a, in ba ku doka. Kuma don mu yi adalci, cinikin ya biya su ta wani ɓangare. Trump ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, kuma a Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashin da suka biya shi ne bakinsu. Mai wa'azin da ya tsine wa Kilinton ya kare Trump, da wace fuska zai yi wa matasa wa'azin kamun kai? Yarinyar da aka zalunta kuma ta koyi cewa kukanta bai kai darajar kujera ba. 'Yan Dimokurat ma ba su tsira ba, domin da yawansu sun kare Kilinton jiya, suka zo suna kuka da Trump. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, mene ne matsayinmu? Musulunci ya kafa shinge ta ɓangare biyu. A ɓangare guda ya tsananta game da ƙazafi. Suratun Nur ta wajabta shaidu huɗu, ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamamme bai kawo su ba, kuma surar ta sauka da wanke Uwar Muminai A'isha (R.A.) daga ƙagen munafukai. Suratul Hujurat ta umarce mu da binciken labari kafin aiki da shi. Saboda haka ba mu yanke wa kowa hukuncin abin da bai tabbata ba, kuma mun san lokacin zaɓe kasuwar ƙage ce.

A ɗaya ɓangaren, mai zaɓe ba alƙali ba ne. Alƙali haddi yake tsayarwa, shi kuwa haddi shubuha tana kawar da shi. Mai zaɓe amana yake bayarwa, ita kuwa amana ba a ɗora ta a kan shubuha. Malaman hadisi sun bar ruwayar mutane da yawa waɗanda ba a taɓa yi wa bulala ba, don kawai adalcinsu bai tabbata ba. Alƙalanmu sukan nemi a tsarkake shaida kafin su karɓi maganarsa. Uban da zai ba da 'yarsa aure yakan yi bincike, in hankalinsa bai kwanta ba ya janye, ba wanda zai ce sai ya kawo shaidu huɗu. Shin ragamar al'umma ta fi auren 'ya guda arha ne? Kuma kada mu manta da matar Banu Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya nema mata sassauci saboda darajar danginta, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi, ya bayyana cewa bambanta manya da ƙanana a hukunci shi ya halaka al'ummun farko.

Kada wani ya ce babu mafita. A Alabama ɗin, Sanata Richard Shelby, ɗan jam'iyyar Moore, ya fito fili ya ce ba zai zaɓe shi ba, ya rubuta sunan wani a takardar ƙuri'a. Fiye da mutum 22,000 suka yi haka. Ranar 12 ga Disamban 2017 Doug Jones ya kayar da Moore da ratar da ba ta kai wannan adadi ba, ya zama ɗan Dimokurat na farko da ya ci kujerar Dattawa a jihar tun 1992. Ashe 'yan kaɗan da suka ƙi sayar da ma'auninsu suna iya juya sakamako.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, mu riƙe abubuwa uku. Kada mu yaɗa zargin da ba mu tabbatar ba, ko da a kan abokin gaba ne. Kada mu toshe kunne ga kukan wadda ta ce an zalunce ta don kawai wanda ake tuhuma namu ne. Kuma duk lokacin da muka ji zuciya tana nema wa ɗan takara uzuri, mu tambaye ta: da a ɗaya jam'iyyar yake, za ki ba shi wannan uzurin? In amsar a'a ce, to son zuciya ne ke magana da sunan addini.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare harsunanmu daga ƙage, Ya tsare hannayenmu daga miƙa amana ga wanda bai cancanta ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.