Cif ɗin Rediyo Kafin Sunan Kamfani: Batun Wi-Fi da Direbobi a Manhajar OpenWrt



Duk wanda ya taɓa sauke manhajar kamfani daga kan rauta ya ɗora OpenWrt ya san wannan yanayi: na'ura ta tashi, intanet na zuwa ta waya, shafin saiti na LuCI ya buɗe a 192.168.1.1, amma Wi-Fi shiru kake ji. Wani lokaci laifin saiti ne, minti biyu ya isa a gyara. Wani lokaci kuwa babu saitin da zai yi magani, domin tun ranar saye aka tafka kuskuren. Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, cif ɗin rediyon da ke cikin rauta da direban da ke tafiyar da shi su ne masu yanke hukunci, sunan da ke jikin kwali ba ya tsinana komai.

Tushen labarin wata rauta ce mai eriya biyu, Linksys WRT54G, da ta shigo kasuwa a ƙarshen 2002. A 2003 masu bin diddigi suka gano Linux ne a cikinta, kuma lasisin GPL ya wajabta wa duk mai sayar da kaya da Linux ya saki rubutun manhajar. Cisco, wanda ya sayi Linksys a shekarar, bai da zaɓi sai ya saki. Daga nan aka haifi OpenWrt a farkon 2004, DD-WRT da Tomato suka biyo sahu. Sai dai an saki komai ban da abu ɗaya: direban Wi-Fi na kamfanin Broadcom an miƙa shi a kulle, ba mai iya karanta cikinsa balle ya gyara. Saboda shi kaɗai aka shafe shekaru ana riƙe da tsohon kanel 2.4 na Linux a kan waɗannan na'urori, alhali sauran duniya ta koma 2.6. Masu sa-kai sun rubuta wani direba, b43, ta hanyar ƙwaƙulo yadda cif ɗin ke aiki, amma gudunsa bai wuce na tsohon tsarin 802.11g ba. Har gobe, rautoci da yawa masu cif ɗin Broadcom, wasunsu masu tsadar gaske, idan an ɗora musu OpenWrt sai dai a yi amfani da ramukan wayarsu.

Atheros ya bi wata hanya dabam. A 2008 kamfanin da kansa ya saki ath9k, direba buɗaɗɗe wanda ba ya buƙatar wata ɓoyayyar manhaja a cikin cif. Amfanin haka ya fito fili bayan shekaru. Akwai wata tsohuwar cuta a Wi-Fi: idan wayar hannu guda tana can nesa, sigina ya yi rauni, sai ta riƙa aika saƙo a hankali, ta cinye lokacin da kowa ke jira, har wanda ke zaune kusa da rauta ya rasa gudu. A wajajen 2016 zuwa 2017 Toke Høiland-Jørgensen da Dave Täht da abokan aikinsu suka sauya tsarin, aka koma raba lokacin iska daidai wa daida tsakanin na'urori, aka kuma rage cunkoson layin jira. A kan ath9k aka fara wannan gyara, don shi ne ake iya buɗe cikinsa. Tsofaffin rautoci da kamfanoninsu suka manta da su tuni suka sami ƙarin lafiya ba tare da an taɓa musu ko dunƙulen waya ba.

Da Qualcomm ya saye Atheros a 2011, kuma zamanin 802.11ac ya zo, ƙofa ta ɗan rufe. Direban ath10k buɗaɗɗe ne, amma babban aikin ya koma cikin wata manhaja rufaffiya da ake loda wa cif. TP-Link Archer C7 ya isa misali. Rediyo biyu ne a cikinsa, na zangon 2.4 GHz yana kan ath9k, na 5 GHz yana kan ath10k. Fitowar farko, wato v1, tana ɗauke da wani samfurin cif QCA9880 da ath10k bai taɓa karɓa ba, saboda haka 5 GHz ɗinta ba ya tashi ko kaɗan. Fitowa ta biyu kuwa ta zama ɗaya daga cikin rautocin da masu OpenWrt suka fi so. Suna ɗaya, kwali iri ɗaya. Ko a masu aikin ma akwai zaɓi biyu na manhajar, na Qualcomm da wanda Candela Technologies ya gyara, ath10k-ct, kuma masu haɗa rautoci su yi raga da tsarin 802.11s sukan tarar sai sun sauya daga wannan zuwa wancan.

A yau hankali ya karkata ga MediaTek, wanda Felix Fietkau ya rubuta wa direban mt76. Lokacin da aikin OpenWrt ya fitar da rautarsa ta kansa, OpenWrt One, a ƙarshen 2024, cif ɗin MediaTek aka zaɓa.

Wannan duka yana da darasi ga mai shiga kasuwa. TL-WR841N, wadda ta cika shaguna, ta fito sau fiye da goma. Tsofaffin fitowa Atheros ne, v13 kuma MediaTek. Galibinsu ma'ajiyarsu megabait 4 ce da RAM 32, kuma OpenWrt ta daina kula da irin waɗannan bayan fitowar 19.07. Sayen rauta ba tare da an juya ta an karanta lambar fitowa a ƙasanta, an kuma duba jadawalin na'urori na OpenWrt ba, cinikin biri a sama ne.

To, a ce cif ya dace. Saitin yana zaune a fayil guda, /etc/config/wireless, kuma kashi biyu ne. Sashen wifi-device yana bayanin rediyon kansa: tasha, faɗinta, ƙasa. Sashen wifi-iface yana bayanin abin da mutane za su gani a wayoyinsu: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, irin makulli, da ko rautar za ta raba ne ko za ta kama daga wata. A sabuwar ɗorawa akwai layin da ke cewa option disabled '1'. Da gangan aka kashe Wi-Fi, don kada rauta ta tashi a buɗe ba makulli, maƙwabta su shiga kafin mai ita. Mutane nawa ne suka sake ɗora manhaja sau uku saboda wannan layi? A mayar da shi '0', a buga wifi up, shi ke nan. Idan har yanzu shiru, iw list zai nuna ko kanel ya ga rediyon, logread kuma zai faɗi dalilin da hostapd, mai watsa Wi-Fi, ya ƙi tashi. In iw list bai nuna komai ba, a daina wahalar da saiti, direba ne babu.

Wajen makulli, sae-mixed yana haɗa WPA2 da WPA3, kuma a takarda shi ne mafi kyau, amma tsofaffin wayoyi da firintoci sukan ƙi shiga. Inda irinsu suka yi yawa, psk2 da doguwar kalmar sirri ya fi kwanciyar hankali. A zangon 2.4 GHz a tsaya kan tasha 1, 6 ko 11 da faɗin HT20. Buɗe faɗi a unguwa mai cunkoso ƙara hayaniya ne kawai.

Layin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne option country. Idan an bar shi babu komai, kanel yana ɗaukar ƙa'idar duniya mafi tsauri, wasu tashoshin su toshe. Mai aiki a Najeriya zai sa NG, na Ghana ya sa GH. Akwai masu sa wata ƙasa don su sami ƙarin ƙarfi, kuma wannan ba dabara ba ce. Da yawa daga tashoshin 5 GHz, daga 52 zuwa sama, ana raba su da na'urorin rada, shi ya sa rauta takan yi shiru na minti guda tana saurare kafin ta fara watsawa, a wasu tashoshin a Turai har minti goma. Mai gaggawa sai ya ɗauka ta lalace. A Amurka, katsalandan ga radar yanayi ta filayen jiragen sama ya sa hukumar FCC ta tsaurara doka, TP-Link ya kulle rautocinsa gaba ɗaya a 2016, al'ummar buɗaɗɗiyar manhaja ta yi ca. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya biya tarar dala 200,000 saboda wasu na'urorinsa da ake iya ƙara wa ƙarfi fiye da ƙa'ida, kuma yarjejeniyar da ya yi da FCC ta ɗora masa ya ba manhajojin waje hanya. 'Yancin ya tsira da ƙyar, kuma masu wasa da lambar ƙasa suna cikin waɗanda suka kusa jawo asararsa.

Kiran wannan takarda ga makarantu, ofisoshi da masu kafa Wi-Fi na unguwa shi ne, kafin a amince da takardar sayen rauta, a rubuta sunan cif da lambar fitowa a cikinta, a kuma ƙi karɓar duk wadda ma'ajiyarta ta gaza megabait 16 ko RAM ɗinta ya gaza 128.