Garin da Ruwa Ya Raina: Daga Yawuri Zuwa Birnin Faris

Ina gaida matan Warra da Ngaski da Shanga, da masu kama mu daga gungunan tafkin Kainji. Uwargida, ajiye ludayin nan tukuna, yau hirar tarihi za mu yi.

Bari in fara kai ki nesa. Kin san birnin Faris na ƙasar Faransa, wanda duniya ke yi wa kallon cibiyar ado da kwalliya? To, asalinsa gungu ne, wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin Sen. Har gobe hoton jirgin ruwa ne a tambarin birnin. Daga 1853 zuwa 1870 wani jami'i mai suna Haussmann ya rushe tsofaffin unguwanninsa, ya shimfiɗa manyan tituna. Birni ya yi kyau, amma talakawa da yawa sun rasa matsuguninsu. Abin da mutanen Faris suka yi shi ne, ba su bari tsohon garin ya ɓace a zukata ba. Sun ɗauki hotunansa, sun rubuta labarinsa, sun adana a gidajen tarihi. A 2024 ma, da suka karɓi wasannin Olamfik, a cikin jiragen ruwa 'yan wasa suka yi faretin buɗewa a kan kogin nasu.

Da na ga wannan fareti sai na ce, ai wannan Rigata ce! Mu ma fa ruwa ne ya raine mu. Gungawa a tsibiran Kwara suka zauna, suna su, suna noman albasa da rani. Yawuri tsohuwar masarauta ce da fatake ke yada zango a cikinta. A 1830 wasu Turawa biyu 'yan gida ɗaya, su Lander, sun zo wurin Sarkin Yawuri neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa. Daga baya fadar ta dawo Yelwa a 1888.

Sannan ga babban al'amarin, wato dam ɗin Kainji. An fara aikinsa a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru, ya cinye tsohuwar Busa da gunguna da fadamu, aka tashi mutane fiye da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. Ƙasa ta samu wutar lantarki, masu su kuma suka samu tafki. Amma 'yar'uwa, kin taɓa tambayar me mace ta rasa a wannan tashin?

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana cikin waɗanda aka tasa. Takan ba mu labarin gidajen siminti da aka ba su, masu zafi da rana, ba a yi su da tunanin inda mace za ta kafa murhu ko ta jera tukwanenta ba. Sai da suka kwaɓa laka suka ƙara ɗakuna da rumbuna da hannunsu. Amma ba ginin ne ya fi damunta ba. Kabarin mahaifiyarta yana ƙarƙashin ruwa. In mun hau kwalekwale zuwa kasuwar Warra, akwai wurin da in an iso takan yi shiru, ta tsoma hannu a ruwa tana addu'a. Ni da na karanta aikin jarida, ga rikoda a jakata, ban taɓa ɗaukar muryarta ba. Kullum sai in ce gobe. Yanzu ko sunan unguwarsu ba na iya kawowa daidai.

To, ga inda maganar ta shafe ki. Yarinyar da ke da shekara 10 a 1968, yau tana dab da saba'in. Su ne na ƙarshe da suka ga garuruwan nan da idonsu. Littattafai sun riƙe sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu, amma waƙar daka da ta reno, yadda ake banda kifi, yadda ake kai amarya a jirgi, wannan duk a bakin mata yake. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To ina ga wanda gidan nasa ruwa ya shanye?

Don haka ga aikin gida na wannan mako. In kina da tsohuwa a gida, ki zauna kusa da ita bayan sallar isha'i. Ki tambaye ta sunan garinsu na da, da sunan mashigin da suke ɗiban ruwa, da abin da ta ɗauko ranar tashi, da abin da ta bari. Wayar hannunki ta isa, ki ɗauki muryarta. In babu, ki sa ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta a littafi. Kada ki gyara mata harshe. In da Gunganci ko Kambarci ta faɗa, a bar shi yadda ya fito.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye masu shiga ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.