Jawabi Ga Masu Niyyar Ziyarar Kwatarkwashi

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, a saurara. Kwatarkwashi tsohon gari ne a gindin wani ƙaton dutse, gabas da Gusau kaɗan, a bakin hanyar Funtuwa. Ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato har 1996, sa'ad da aka yanke Zamfara. Kusa da garin ne rundunar Kano, tana komowa daga Sakkwato, ta gamu da sojan Turawa cikin 1903, Waziri Ahmadu ya yi shahada.

Mutumin Kebbe sai ya fito Tambuwal, ya bi ta Shagari da Boɗinga zuwa Sakkwato, ya kwana. Da gari ya waye ya kama hanyar Talatar Mafara da Gusau. Amma kada ya tashi sai ya tambayi direbobi a tasha labarin hanya, gama 'yan bindiga sun sha tare matafiya a Zamfara. In aka ce ba lafiya, ya haƙura, dutse ba ya gudu. Tafiyar dare kuwa, kul!

In ya sauka, ya fara kai gaisuwa fadar Sarki, sa'an nan ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Hawa da sanyin safiya ya fi, musamman lokacin hunturu, don da damina dutsen santsi gare shi. Ya riƙi gorar ruwa, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya sauko tun rana ba ta take ba.

Allah ya kai lafiya, ya komo da kowa lafiya.