Ɗanka Ya Dawo Daga Makaranta Da Riga Yagaggiya?

Jama'a masu saurarenmu, daga nan Tamanrasset har In Gezzam, Asamaka, Arlit da Agadas, yau maganar gida za mu yi: faɗa tsakanin yara matasa a makaranta.

A makon jiya wani uba ya tare ni a kasuwa, ransa a ɓace. Ya yi wata guda a kan hanya da lodin dabino, ya dawo ya tarar an kira shi makaranta: ɗansa mai shekara 14 ya fasa wa wani baki. Ya ce mini, "Yaron nan ko akuya ba ya duka." Da aka bincika, ashe wata biyu ke nan ana yi masa dariya saboda Larabcinsa bai nuna ba, ana kiransa baƙo. Bai gaya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaye shi.

To, ba shi kaɗai ba ne. Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 cewa a duniya fiye da ɗalibi 1 cikin 3 ya yi faɗa da ɗan'uwansa ɗalibi cikin shekara guda, kuma kusan 1 cikin 3 ana tsangwamarsa. Maza sun fi mata shiga faɗan duka. Abubuwan da masu bincike suka ga suna tafiya tare da faɗan kuwa, mun san su a gidajenmu.

Na farko, tsangwama. Garin nan mahaɗa ce: ga mai Tamashek, ga Balarabe, ga Bahaushe, ga wanda ya zo daga Mali. Yaron da ake zolaya kan harshensa ko launin fatarsa, yau ya haɗiye, gobe ya haɗiye, jibi ya kai hannu.

Na biyu, rashin ido a kansa. Makiyayi yana daji da raƙuma, ɗan kasuwa yana hanyar In Gezzam, tafiyar kilomita kusan 400, yaro kuma an bar shi gidan kawu ko gwaggo. Ana ba shi tuwo da wurin kwana, amma wa ya san abokansa? Wa ya san ranar da bai shiga aji ba? Yaron da ke tsallake makaranta ya fi saurin faɗawa rigima.

Na uku, yunwa. Wanda ya fita tun safe ciki babu komai, maganar da ba ta kai ta kawo ba ma sai ta tunzura shi.

Na huɗu, taba da ƙwaya. Tramadol da ƙwayar nan da samari ke kira "saruk" suna bin hanyoyin da kayanmu ke bi. Ɗan'uwa direba, kullin da ka ɗauka ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila a ƙofar makarantar ɗanka za a kwance shi.

Na biyar, abin da yaro ke gani a gida. In bulala ce amsar kowane laifi, shi ma haka zai amsa a waje. Ku sani, dokar ilimi ta Aljeriya ta 2008 ta hana dukan ɗalibi a makaranta, ko malami ba shi da wannan izini.

Akwai kuma wadda ta shafe mu makiyaya musamman: wuƙa. A daji kayan aiki ce, ba mai ganin laifinka. A cikin jakar makaranta kuwa makami ce. Faɗan da zai ƙare da yagewar riga, in da wuƙa, sai ya ƙare a asibiti da ofishin 'yan sanda. Don Allah a duba jaka kafin yaro ya fita.

Me za ka yi? Kafin ka kama hanya, je makarantar da kanka, ka ga darakta, ka bar lambar wayarka da ta wanda ka damƙa wa yaron. In ka kira gida, kar ka tsaya kan "lafiya lau?". Ce a ba ka shi, ka tambaye shi da wa yake zama a aji, wa ke damunsa. Uwa, in kin ga ya daina son zuwa makaranta, ko ya dawo da rauni yana cewa faɗuwa ya yi, ki zauna da shi. In abin ya fi ƙarfinku, a Aljeriya akwai lamba 1111 ta hukumar kare yara, kyauta ake kira.

Karatu a nan wajibi ne daga shekara 6 zuwa 16, kuma a ƙarshen shekara 4 na makarantar tsakiya akwai jarrabawar BEM. Kar faɗan minti biyar ya raba ɗanka da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.